Kangon Taminus

Duk wanda ya yi wayo a Jos kafin shekarar 2002 ya san Babbar Kasuwar Taminus ita ce cibiyar gari. Gwamna Joseph Gomwalk ne ya ƙuduri gina ta, aka kammala ta a shekarun 1980, har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Mu mutanen Daɗin Kowa, can muke zuwa yanko atamfar Sallah ko ta Kirsimeti. Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe duk a inuwa ɗaya suke neman abinci, kuma akan ba mutum kaya bashi ba a tambaye shi inda yake ibada ba.

A watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan rikicin Satumbar 2001, gobara ta lashe kasuwar. 'Yan kasuwa suka watse, wasu suka baza kaya a bakin titin Ahmadu Bello, wasu suka koma unguwannin da nasu suka fi yawa. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta nemi sake gina ta da haɗin gwiwar bankin Jaiz, sai gardama ta kaure a kan wanda zai mallaki shagunan, magana ta shiririce. Alhali majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris da ta ƙone a 2019, an sake buɗe ta a 2024.

A ganinmu, rashin yarda da juna ya fi rashin kuɗi tsayar da wannan aiki. Mun san darajar yarda, domin a rikicin 2008 da na 2010 dattawanmu da iyayenmu mata, Musulmi da Kirista, sun tsaya kai da fata, Allah ya tsare unguwarmu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka, kafin a aza tubali, a kira waɗanda gobarar ta shafa da magadan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a rubuta sunayensu, a raba shaguna a bainar jama'a. A bar wa motar kashe gobara hanya, a tanadi ruwa. 'Ya'yanmu da aka haifa bayan gobarar yau magidanta ne, kuma labarin kasuwar kawai suke ji daga bakinmu. Allah ya sa su ci ta tare.