Na kai kunnena maƙera a Birmingham

Ɗan yayata ne ya ja ni. Yana karatu a Birmingham, ni kuma aiki ya kai ni Landan, sai ya matsa lallai in zo in ji kiɗan da ya shiga ransa. Na hau jirgin ƙasa a tashar Euston da hantsi, kafin awa ɗaya da rabi mun sauka New Street, ana ta yayyafin nan nasu mai naci.

Muna fitowa ya tsayar da ni gaban wata tsohuwar mashaya da ke kulle, The Crown. "Kawu, a nan su Black Sabbath suka yi wasanninsu na farko." Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ta rage masa zafi, sai sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Garin maƙera ne, ba mamaki kiɗansa ya yi amon uwar maƙera.

Daga nan muka kama bas mai lamba 6 zuwa Sparkhill, inda mashayar Mermaid take a da. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin Margaret Thatcher, masana'antu suna rufewa, samari suna zaman kashe wando, a can suke taruwa. Cikinsu ƙungiyar Napalm Death ta fito. Suka ɗauko gudu da tsiwar hardcore, kiɗan masu zagin gwamnati, suka gwama da gurnani da nauyin metal, irin kiɗan su Black Sabbath, aka raɗa wa abin suna grindcore, wato kiɗan niƙa. Faifansu na farko, Scum, ya fito a 1987, waƙa 28 cikin minti talatin da 'yan kai. Ɗaya daga ciki, You Suffer, da ƙyar ta haura daƙiƙa ɗaya, har kundin Guinness ya sa ta a matsayin waƙa mafi gajarta. Na ce wa ɗan yayata wannan ai atishawa ce. Bai yi dariya ba. Ya ce John Peel na gidan rediyon BBC ya sha sa su a shirinsa, kuma a 1990 sun tsallaka Tampa ta Amurka, cibiyar death metal, suka naɗi Harmony Corruption, suka ƙara karkata ga wannan salon.

Mashayar ta daɗe da mutuwa. Titin Stratford yau shagunan 'yan Pakistan ne jere, mahauta na sayar da naman halal, mata cikin hijabi na cinikin yadi. Muka ci balti mai yaji da gurasarsu, muka yi magariba a wani masallacin unguwar, sannan muka nufi Digbeth, inda wata ƙungiya za ta yi wasa.

Wurin wasan tsohon sito ne kusa da gadar jirgin ƙasa. A bakin ƙofa yaron ya miƙo mini 'yan soso biyu. "Toshe kunnenka, Kawu." Na ce ni da na girma kusa da injin markaɗe? Daƙiƙa goma da fara kiɗa na karɓa ba musu.

Da farko ban ji komai ba sai ruguntsumi, ƙirjina na girgiza kamar an jingina ni da janareta. Mawaƙin ya riƙe makirfo da hannu biyu yana fitar da murya daga can ƙasan ciki, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Sai na bar shi na zuba wa mai ganga ido, kuma a nan ra'ayina ya fara sauyawa. Ƙafafunsa biyu na taka manyan gangunan ƙasa bi da bi, hannu ɗaya na sarar ƙaramar ganga, ɗayan na dukan faifan tagulla, duka da gudun da ido ba ya iya bi. Wannan bugun shi suke kira blast beat. Kafaɗarsa ko motsi ba ta yi, wuyan hannu kaɗai ke aiki. Can, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi wani, su huɗun suka tsaya cak lokaci guda, suka koma wani taku mai jan ƙafa, kowane bugu kamar an yar da buhun siminti. Mahaukaci ba ya iya wannan. Sai wanda ya shekara yana ƙirga.

Tsakiyar fili kuwa ta zama kasuwar bangaza, samari da 'yan mata suna karo da juna kamar raguna. Wani ƙato ya zame ya faɗi, kafin in ce wayyo hannaye huɗu sun ɗaga shi. Igiyar turereniyar ta iso gefen da na rakuɓe, ta tuge mini hula. Wata yarinya mai ƙarfe a hanci ta ɗauko, ta kaɗe ta a cinyarta, ta ɗaga sama har sai da na miƙa hannu.

Bayan an tashi na ga mawaƙin a bayan tebur yana sayar da riguna, yana kurɓar ruwan zafi da zuma, muryarsa siririya kamar ta mai jin kunyar surukai. Na sayi riga ɗaya da na san ba zan taɓa sawa ba, don ko sunan ƙungiyar da ke jiki ba ya karantuwa, kamar an zana sarƙaƙƙiya.

Washegari a jirgin komawa Landan mai duba tikiti ya yi mini magana har sau uku kafin in juyo.