Ƙirji Cike da Minda

Duk marubucin da ya so ya nuna mana azzalumin soja ba tare da ya wahalar da alƙalaminsa ba, dabara ɗaya yake yi, wato ya cika masa ƙirji da lambobi tun daga kafaɗa har cibiya. Da ganin haka mai kallo ya san an zo wurin dariya. Janar Aladin na fim ɗin The Dictator, wanda ya fito a 2012, rigarsa kan riga bakinsa magana. Shi ma Wole Soyinka, a wasansa A Play of Giants na 1984, ya tara irin waɗannan shugabanni a wani ofishin jakadanci a birnin New York ana sassaƙa mutum-mutuminsu, kuma kowa ya gane Kamini shi ne Idi Amin, Kasco kuwa Bokasa.

Abin mamaki shi ne, marubutan ba su yi wani ƙarin gishiri ba. Idi Amin, wanda ya mulki Uganda daga 1971 zuwa 1979, ya naɗa kansa Fil Mashal a 1975, ya kuma sa aka ƙera masa lambar da ta kwaikwayi Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Ingila. Har ma wani lokaci gaskiyar kan fi ƙarfin almara. Daraktan fim ɗin The Death of Stalin na 2017 ya bayyana cewa sai da ya rage yawan lambobin Mashal Zhukov na Tarayyar Sobiyat, don in aka sa su duka masu kallo ba za su yarda ba. Alhali shi Zhukov ya yi yaƙin, shi ya kai runduna har Balin a 1945.

A nan ne nake da 'yar damuwa. Mun saba yi wa wannan ƙirji dariya har mun daina tambayar abin da ke maƙale a kansa.

A Agege na tashi, a layin da ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma Ikko gari ne mai daɗaɗɗen tarihi da sojan Bahaushe. Tun 1863 Kyaftin Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a nan, wadda daga gare ta ake fara lissafin tarihin sojan Nijeriya. A layinmu akwai wani dattijo, ɗan mazan jiya, da ke gadin wani sito na goro. Ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya bar aiki da igiya biyu. Wata rana muna samari mun dawo daga gidan kallo, inda aka sa mana tsohon fim ɗin nan na 1981, Rise and Fall of Idi Amin, wani abokinmu ya jera marafan kwalbar lemo a ƙirji yana tafiyar ƙasaita. Dattijon ya yi dariya tare da mu, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, zo ka karanta mini abin da ka rataya."

Na ce, "Baba, ai babu rubutu a jiki."

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin alawa, ya kwance wani ƙyalle. Lambobi uku ne kacal. Biyu nasa ne, ta ukun ta mahaifinsa ce, tauraruwar tagulla mai tsini shida da zare ja a tsakiya, shuɗi da ruwan goro a gefe. Ita ce lambar Bama, wadda aka bai wa waɗanda suka yi yaƙi da Japan a dajin ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da 'yan Arewa na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ya ce kowane zare da ma'anarsa, soja na ganin ɗan'uwansa zai san inda ya je tun kafin su gaisa. Daga baya na karanta cewa Amin ma ya riƙa cewa ya yi yaƙin Bama, alhali a 1946 ya shiga soja, bayan an gama yaƙin.

'Yan'uwana ɗaliban harshe, ku duba yadda Hausa ta karɓi wannan fanni. Dattijon bai taɓa cewa lambar yabo ba, minda yake cewa, kalmar da aka aro daga Turanci, wadda yanzu da wuya ka ji ta a bakin matashi. Alamar hannun kofur da saje, igiya ce. Tauraron kafaɗar hafsa kuwa anini ne, don ya yi kama da tauraron da ke jikin aninin zamanin Turawa, kuɗin da goma daga cikinsa ke yin kobo ɗaya. Ni dai ina jin wani ɗan shaguɓe a nan: mutum ya sha wuya ya zama laftana, Bahaushe ya dube shi ya ce mai anini biyu.

Wasan kwaikwayonmu na Hausa ma wata hanya ya bi daban. Sojan da muka fi sani shi ne Samanja Mazan Fama, na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Shi kansa tsohon soja ne, saboda haka ya san inda abin dariyar bariki yake: a gashin baki, da tsawa, da Hausar da ke rungume da Turancin bariki. Ba mai mulkin ƙasa ba ne, babba ne cikin ƙananan ma'aikata, irin wanda matan bariki ke kai wa ƙara. Ina ganin shi ya sa sojoji da kansu suka so shi.

Dattijonmu sau ɗaya a shekara yake sa nasa lambobin, ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Tun daren yakan goge su da toka da lemon tsami, ya maƙala nasa biyun a hagu. Ta mahaifinsa kuwa a aljihu take zama, wai ba shi ya je Bama ba. Da ya rasu, 'ya'yansa sun raba gado lafiya, amma aka rasa mai son gwangwanin, sai ƙaramar 'yarsa ta tafi da shi gidan aurenta a Idi-Araba.