Masu Gida a Gidan Haya

Duk wanda ya tashi a Kafanchan ya san ma'anar jira, domin kuwa jirgin ƙasa ne ya raini garin. Tun da aka haɗa layin dogo na gabas da na arewa a nan cikin 1927, mutanen garin suka saba da zaman tasha, ido a kan hanya, kunne a kan jiniya. Mu da muka yi ƙuruciya a unguwannin da ke maƙwabtaka da tashar mun gaji wannan hali, ko da yake jiragen sun daɗe da yin ƙaranci. Wataƙila shi ya sa kakar ƙwallo ta 2021 zuwa 2022 ba ta zo mana a baƙuwa ba, don ita ma jira ce tun daga farkonta har ƙarshe.

Ba da niyya muka shiga wannan jira ba. A ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'i suka tsunduma yajin aiki, wanda bai ƙare ba sai bayan wata 8. Muka rufe ofis, muka tattara iyali muka koma gida, da zaton mako biyu ko uku ne. Albashi ya tsaya, littattafan da muka ɗauko don nazari suka yi ƙura a kan tebur. Abin da ya rage mana shi ne bencin wani mai shayi kusa da tsohuwar tashar, inda dattawa da 'yan acaba da masu sayen citta suke haɗuwa da yamma. A nan muka tarar da wani tsoho, mutumin Kagoro, wanda ya yi aikin reluwe a Kano shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya. Tun zamanin Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, yake kallon ƙwallon Kano, kuma da aka kafa Kano Pillars a 1990 sai ya mayar da zuciyarsa can. Kowa Baba yake ce masa. Yana da littafin rubutu irin na 'yan firamare, wanda ya ja wa layuka da biro, yake rubuta sakamakon kowane mako da makin ƙungiyoyi 20 na gasar Firimiyar Nijeriya.

Ga mai karatun da ƙwallo ba ta dame shi ba, lissafin ba shi da wuya. Kowace ƙungiya tana buga wasa 38. Nasara maki 3, kunnen doki maki 1, shan kaye kuwa ba ko ɗaya. A ƙarshe guda 4 na ƙasan teburi su faɗa rukuni na biyu, wanda bakin 'yan kallo ya raɗa wa suna gasar 'yan dagaji, wasu ma su ce ta gajiyayyu. A matsayinmu na ɗaliban harshe, sunayen nan biyu sun daɗe suna ba mu sha'awa, domin na farko yana zargin mutum da ƙoƙarin da ya fi ƙarfinsa, na biyu kuwa da ƙarewar ƙarfin gaba ɗaya, alhali wuri guda ake nufi.

Babu wanda ya taɓa kawo wa Pillars ɗaya daga cikin sunayen nan a ransa. Ƙungiya ce da ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Shekara 12 ta yi ba wanda ya doke ta a gida a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. Kirarinta ma, Sai Masu Gida, daga nan ya samo nauyinsa. Sai dai kash, a kakar da muke magana masu gidan ba su da gida. A filin Ahmadu Bello na Kaduna suka fara karɓar baƙinsu, kamar yadda suka yi a kakar da ta gabata, kuma ba a taɓa yin mai gida a ɗakin haya ba. Mu mutanen jihar Kaduna da farko har daɗi muka ji, wai ga su sun matso kusa. Baba ne kaɗai ya girgiza kai, ya ce jirgin da ya kwana a tashar da ba tasa ba, da safe ba ya tashi a kan lokaci.

Ba wannan ne karon farko da bencin ya ga irin haka ba. Kaduna United, ƙungiyar jiharmu, ta doke Enyimba a bugun fanareti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, shekara 4 bayan nan kuwa ta faɗi. Amma ita ba a daɗe ana sonta ba, saboda haka ba a daɗe ana makokinta ba.

Abin da muka koya a waɗannan watanni, wanda ba mu taɓa karantawa a littafi ba, shi ne yadda tsoron faɗuwa yake lalata ɗabi'ar mai goyon baya. Mai neman kofi nasarar kansa yake fata. Mai gudun faɗuwa kuwa asarar maƙwabcinsa yake roƙo. Mun wayi gari muna tambayar sakamakon Dakkada da MFM da Heartland kafin mu tambayi namu, muna murna in an ci mutanen da ba su taɓa yi mana laifin komai ba. Wata ranar Lahadi muka ji kanmu muna cewa alhamdu lillahi don an zura wa wata ƙungiya ƙwallo a minti na ƙarshe, a wani gari da ba mu taɓa zuwa ba. Mun yi shekaru muna koya wa ɗalibai cewa adabi yana faɗaɗa zuciya, ga shi teburin Baba ya ƙuntata tamu cikin wata uku.

Samarin da ke fitowa daga gidan kallo, sanye da rigunan Arsenal da Chelsea, sukan tsaya su yi mana dariya. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya san aikinmu, ya taɓa cewa, "Haba Dakta, da iliminka kake wahalar da kanka a kan ƙwallon gida?" Ba mu ba shi amsa ba, don mun lura shi ma idonsa yana kan littafin Baba.

A tsakiyar Afrilu aka ba Pillars izinin komawa filin Sani Abacha, kuma baƙin farko su ne Katsina United, maƙwabta, waɗanda su ma ruwa ya kai musu wuya. Azumi ake yi, Ista kuma ta ƙarato, saboda haka bencin ya cika da masu jiran shan ruwa da masu shirin coci, kowa ya kasa kunne ga wayar da aka ɗora a kan tebur. A garin da ya ga abin da ya gani a 1987 da 2011, irin wannan zama ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba wanda ya ce komai a kai. Muka ce yau masu gida sun koma gida. Wasa ya yi nisa babu ci, sai labari ya canza: 'yan kallo sun ɓalle, an tashi wasa ba a gama ba, an farfasa motar baƙi. Ba a ɗauki kwanaki ba hukumar gasar ta yanke hukunci, ta zaftare wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar Naira miliyan 9, ta kuma tura ta Abuja ta riƙa karɓar baƙi a can.

Mun tuna yadda Baba ya yi wannan gyara. Bai yarda ya soke lambar da biro ba. Reza ya aro a wurin mai shayi, ya kankare ta a hankali don kada takardar ta huje, sannan ya rubuta sabuwar. Muka ce, "Baba, ai da ka ja layi kawai." Ya ce, "Malam, makin nan yara sun yi gumi a kansu. Ba a filin wasa aka ƙwace su ba, ba zan bar shaidar da za ta riƙa kallona ba." Wannan ne ya fi yi mana ciwo a duk kakar. Da abokan gaba ne suka yi mana wannan lahani da mun san inda za mu kai ƙara, amma masoya ne, masu kirari irin namu, waɗanda suka yi shekara biyu suna jiran ƙungiyarsu ta dawo, suka kore ta da hannunsu a yini guda.

Sauran kakar ba ta da dogon labari. Damina ta sauka, duwatsun Kagoro suka yi kore, manoma suka duƙufa a gonakin citta, benci ya rage cika. Rabi'u Ali, kyaftin ɗin da ya ga duk shekarun daɗin, yana ta fama da shekarunsa a ka. A ci yau, a sha kashi gobe, lissafi ya ƙi fita. Sulhun yajin aiki ma haka, a zauna a tashi ba labari, har muka daina bambance wanne daga cikin jiran biyu ne yake hana mu barci. A watan Yuli aka rufe gasa, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars ta faɗi tare da Heartland da MFM da kuma Katsina United ɗin da aka farfasa wa mota.

A 2023 Pillars ta sake haurowa, amma a yammacin nan ba wanda ya san haka za ta faru. Ruwa ake yi tsamo-tsamo, mu huɗu ne kawai a ƙarƙashin rumfar. Baba ya cike layin ƙarshe, ya rufe littafin, ya ɗaure shi da roba ya sa a aljihu. Da muka miƙe za mu tafi sai ya kira mu, ya ce, "Malam, in ka shiga kasuwa gobe ka sayo mini sabon littafi mai shafi 40. Ka kuma binciko mini sunayen ƙungiyoyin da ke can ƙasan, don ni ban san su ba."