Harafin da Ya Tsaya a Kan Iyaka

Shekara biyu na yi ina bin maroƙan Damagaram ina naɗar kirarin sarauta. Da rubutu ya kammala, sai abin da ya fi binciken wuya ya taso: da wane harshe zan aika, kuma ga wace mujalla?

A jami'o'in Nijar, ƙarin matsayin malami yana rataye ga hukumar CAMES da ke Wagadugu, wadda ke auna maƙalun da ya wallafa, harshen aikinta kuwa Faransanci ne. Ko mujallar Mu Ƙara Sani ta Yamai, sunan ne Hausa, cikinta galibi Faransanci. To, kirari in aka juya shi zuwa Faransanci, ganga ce ba fata.

Sai na aika Kano da Hausarsa. Bayan wata bakwai, masu tantancewa biyu, waɗanda ba su san sunana ba, ni ma ban san nasu ba, suka maido da maƙalar. Ɗaya ya nemi ƙarin bayani kan zamanin Sarki Tanimun. Ɗayan ya bi kowane ƴ namu ya mayar da shi 'y, yadda Nijeriya ke rubutawa.

Ta fito. Amma da zan sa ta cikin takardun neman ƙarin matsayi, sai da na haɗa mata taƙaitaccen bayani da Faransanci.