Hirar Dakali: Silo Na Rawa, Ina Laifin Kafireta?

Bayan sallar isha'i ne Alhaji Garba ya jawo kujerarsa kusa da Malam Iro bakanike, ya rage murya, duk da kowa a dakalin yana jin sa.

"Malam Iro, tunda mu ya mu ne, bari in faɗa maka damuwata. Hiace ɗin nan ta hana ni sakat. In ta tsaya a danja sai ta kama karkarwa, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. An wanke kafireta, an sake wankewa, shiru kake ji."

"Wane inji ne a cikinta, Alhaji?"

"3Y ne."

"Irin na shekarun 1980 ke nan. Ai wannan inji ba shi da wata ɓoyayyiyar cuta. An bar jaki ne ana dukan taiki. Me suka yi mata bayan wankin?"

"Sun ƙara mata silo."

Malam Iro ya yi dariya har da tafa hannu. "Na sani! Ƙara silo rufe ciwo ne kawai. Rawar za ta lafa, amma mai za ta yi ta sha, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke wasa da fetur? Ka ce wa yaronka ya fara da wuta. Ya kwance filogi huɗun nan ya duba bakinsu. Mai baƙin toka, mai ya yi yawa. Wanda ya yi fari fat, iska ta yi yawa. Gibin filogi milimita 0.8. In distiributarka mai kwantak ce, gibinsa 0.45, kuma shi ake fara gyarawa, don in ka taɓa kwantak tayimin ya motsa. Sannan wayoyi su bi layinsu: 1, 3, 4, 2."

Sani Tela, da bai taɓa mallakar ko keke ba amma ba a raba shi da zancen mota, ya sa baki. "Oga, ni na ga ana saita tayimin da kunne. A murɗa, a saurara, a ɗaure."

"Kunnen nan ya kashe injuna da yawa, Sani. Inji yana daɗin ji in ka kai wuta gaba, sai ka zaci ka gyara. Bari a cika mota da fasinja da buhuna a kama hawa, za ka ji ƙas-ƙas a cikin inji. Fistin ne ke shan wahala. In ta yi zafi kuma kik ya yi nauyi kamar batir ya mutu. In ko wutar ta yi baya, mota ba ƙarfi, ga zafi, ga cin mai."

"To yaya ake yi?" in ji Alhaji.

"Da fitilar tayimin. A bar inji ya ɗumama tukuna. Akwai ɗan tsagi a jikin fulin ƙasa, a goge shi a shafa masa alli. A zare siririn tiyon da ke zuwa distiributa a toshe bakinsa. Nan ne mutane ke mantuwa, kuma in ba a zare shi ba fitilar na iya nuna maka ƙarya. A maƙala fitila a wayar filogi na ɗaya, a sassauta notin distiributa, a riƙa juya ta a hankali har tsagin ya tsaya daidai lambar da kamfani ya sa wa injin. A kan irin waɗannan injuna ba ta cika wuce digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa ba. A ɗaure, a sake haskawa, don wajen ɗauri takan goce."

Aka kawo shayi, Malam Iro ya kurɓa.

"Amma Alhaji, in za ka ji ta bakina, motarka iska take sha ta ɓarauniyar hanya. Tiyo na roba da ya shekara talatin yana shan zafin inji da ƙurar hunturu, me ya rage masa? Ko gasket ɗin gindin kafireta. Shi wancan ɗan kwanon da ke jikin distiributa, ka sa baki ka zuƙi tiyonsa. In iska na wucewa ba tsayawa, robar ciki ta fashe. Kuma ka kasa kunne inji na silo, wani lokaci za ka ji tana fito."

"Ashe kunnen na da rana," in ji Sani.

"A nan kam yana da ita."

Alhaji ya ce, "Kafireta fa?"

"Ita ce ta ƙarshe. Bayan wuta ta daidaita, an toshe ɓarakar iska, an kakkaɓe iyakilina, sai a zo kan sukurin mai a murɗa kaɗan-kaɗan har inji ya natsu, silo ya zauna wajen 750 zuwa 800. In duk an yi wannan tana nan tana rawa, a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Wadda ta gaza 'yan uwanta sosai, ko bawul ya ƙone ko ringi ya cinye, kuma wannan sai an buɗe inji."

"Allah ya kiyaye," Alhaji ya ce da sauri.

"Amin. Ka turo ta gobe da safe kafin rana ta yi. Kuma don Allah, daga nan zuwa goben kada kowa ya sake sa mata sukundireba."