Mariƙin Salula

Rezin ruwa biyu ne: shi kansa da mai daskarar da shi. Sai an auna su daidai, a dama a hankali, don gaggawa ke kawo kumfa. Na zuba rabi a mazubin roba, na kwantar da guntun zaren kaset ɗin da na naɗi tatsuniyoyin kakata, wanda zafin Damagaram ya riga ya lalata, sannan na cike. Na kifa kwano a kai, saboda ƙurar hunturu ba ta da kunya. Kwana guda ya yi kafin ya yi tauri, na manna shi bisa tsohon mariƙi. Da shi nake riƙe salula in ina ɗaukar muryoyin 'yan kasuwa. Abokiyar aikina ta ce in sayar mata. Na ce ta kawo nata kaset.