Jabu A Gidan Littafi Mai Tsarki

A birnin Washington na ƙasar Amurka, kusa da ginin majalisar dokoki, akwai wani gidan tarihi mai hawa takwas da aka buɗe a watan Nuwamba na 2017, domin Littafi Mai Tsarki kaɗai. Attajiri Steve Green, shugaban kamfanin Hobby Lobby, shi ne ya jagoranci kafa shi. Mai ziyara yakan ratsa ɗakuna inda ake nuna masa ruwan Ɗufana da jirgin Annabi Nuhu da fitar Bani Isra'ila daga Masar, sa'an nan ya shiga wani ƙauye da aka gina kamar Nazarat ta zamanin Annabi Isa. Ni dai ban ga aibun wannan ba. Yaro ya fi riƙe abin da ya gani da idonsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka tara kayan. A 2017 ɗin nan, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 3, ya kuma sallama dubban kayan tarihi da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Iraƙi. Wannan ma kaɗan ne. Gidan yana taƙama da guntayen fatu 16, wai daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen nan ne da aka fara ganowa a kogunan Ƙumran, bakin Tekun Gishiri, a 1947. A 2020 masu bincike suka tabbatar da cewa dukansu jabu ne. Fatar tsohuwa ce, har ana zaton ta takalma ce, amma tawadar ta zamani ce.

To, me ya kai masu ilmi da dukiya ga wannan ciniki? A ganina so ne, watau son a taɓa hujjar imani da hannu. Ɗan damfara kuwa ba ya sayar wa mutum sai abin da ransa ke muradi. Ayar da aka kwafa a kan fatar ba ta ragu da kome ba, tana nan a littafin kowace majami'a. Mai saye ne aka cuta, da maziyartan da suka tsaya gaban gilashi cikin ladabi.

Sai dai a yaba musu ta fuska ɗaya: su suka ɗauko masu binciken, su kuma suka bayyana sakamakon ga duniya. A 2021 aka mayar wa Iraƙi allon yumɓu mai ɗauke da mafarkin Gilgamesh, wanda a da ake nunawa a gidan.